Wane Albashi Ake Nufi? Yadda Indiya Ke Auna Sassaucin Haraji a Kan Kuɗin Haya

Daga Disamba zuwa Fabrairu, kusan kowane babban kamfani a Indiya yakan aika wa ma'aikatansa saƙo iri ɗaya: a kawo rasit ɗin haya kafin wa'adi ya cika. Shekarar kuɗi a ƙasar tana farawa ne ranar 1 ga Afrilu ta ƙare 31 ga Maris, kuma mai biyan albashi shi doka ta ɗora wa nauyin cire haraji kafin kuɗin ya shiga hannun ma'aikaci. Wanda ya kai takardunsa a kan lokaci, an rage masa abin da ake cira. Wanda ya yi sakaci kuwa, albashin Fabrairu da na Maris za su iso masa a gutsure, sai ya jira lokacin cike takardar haraji ta shekara kafin ya nemi a mayar masa da rarar.

Duk wannan kai-komo a kan alawus ɗin haya ne, wanda Indiyawa ke kira HRA a taƙaice. Sashe na 10(13A) na dokar harajin kuɗin shiga ta 1961 ya yafe haraji a kan wani ɓangare na alawus ɗin, ƙa'ida ta 2A a cikin ƙa'idojin 1962 kuma ta faɗi yadda za a auna ɓangaren. Ana jera adadi uku ne a ɗauki mafi ƙanƙanta. Na ɗaya shi ne alawus ɗin da aka biya ma'aikaci. Na biyu, hayar da ya biya bayan an ɗebe kashi 10 cikin ɗari na albashinsa. Na uku, rabin albashinsa idan gidan yana ɗaya daga cikin manyan biranen da ƙa'idar ta lissafa, ko kashi 40 idan a wani wuri yake.

Lissafin ɗan firamare ne, har sai an tambayi wane albashi ake nufi. Biyu daga cikin adadin nan uku a kansa suka rataya, kuma takardar albashin ma'aikacin Indiya ba layi ɗaya ba ce. Akwai gundarin albashi, akwai alawus ɗin haya, akwai na sufuri, akwai garaɓasar ƙarshen shekara, akwai kuɗin ƙarin lokaci, sannan akwai wani babban layi da ake kira alawus na musamman, wanda a cikinsa kamfani ke zuba duk abin da ya rage bayan ya rarraba sauran.

Ƙa'ida ta 2A ba ta tsaya fassara kalmar da kanta ba. Aro ta yi daga wani lungu na dokar, wato jadawali na huɗu, wanda aka rubuta don asusun ajiyar ritaya na ma'aikata. A can aka ce albashi ya haɗa da alawus ɗin tsadar rayuwa idan sharuɗɗan aiki sun tanadi haka, amma bai haɗa da sauran alawus-alawus da alfarmomin aiki ba. Da wannan 'yar jimla aka zubar da mafi yawan layukan takardar. Garaɓasa ta fita, kuɗin ƙarin lokaci ya fita, alawus na musamman ya fita komai girmansa, shi kansa alawus ɗin hayar bai shiga ba. Abin da ya saura shi ne gundarin albashi, da alawus ɗin tsadar rayuwa bisa sharaɗi, sai abu na uku da kotu ta ƙara daga baya.

Abu na ukun yana da labari. Tsofaffin malaman makaranta ba za su manta da injin Gestetner ba, wanda ake juya hannunsa ana gurza takardun jarrabawa. Kamfanin da ke sayar da shi a Indiya yana biyan masu yi masa talla albashi tsayayye, ya kuma ƙara musu kamasho, wani kaso ƙayyadadde na cinikin da kowannensu ya kawo. Idan zai zuba musu kuɗi a asusun ritaya, sai ya haɗa albashin da kamashon ya yi lissafi. Hukumar haraji ta ce ba ta yarda ba, kamasho ba albashi ba ne. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a hukuncin da aka wallafa a 1979 kotun ta ba kamfanin gaskiya. Hujjarta ita ce, ladan aiki ladan aiki ne, ko an auna shi da kwanakin wata ko an auna shi da yawan ciniki, muddin yarjejeniyar aiki ce ta tanade shi. Shari'ar ba ta taɓa batun haya ba ko kaɗan. Amma da yake ma'anar albashi guda ce ake amfani da ita a wuraren biyu, sai hukuncin ya bi ta ya shiga lissafin haya. Daga nan kamashon da ake biya a matsayin kaso tsayayye na ciniki ya zama albashi. Kamashon da aka yanke a dunƙule, ko aka ɗaura shi a kan ribar kamfani, yana waje.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk abin da ya kumbura albashi a wannan lissafin alheri ne ga ma'aikaci. Ba haka ba ne, domin albashin yana aiki a wuri biyu masu jan juna. Idan ya ƙaru, iyakar rabi ko kashi 40 ta ɗaga, wannan riba ce. Amma kashi 10 da ake ɗebewa daga hayar shi ma ya ƙaru, wannan kuma asara ce.

A ɗauki ma'aikaci a Mumbai, garin fina-finan nan da Hausawa suka fi sani da Bombay. A ce duk wata kamfani na biyansa rupi 85,000: gundarin albashi 40,000, alawus ɗin haya 20,000, alawus na musamman 25,000. Hayarsa 22,000 ce a wata. Adadi na ɗaya 20,000 ne. Na biyu, a cire 4,000 daga 22,000, saura 18,000. Na uku, rabin 40,000, wato 20,000. Mafi ƙanƙanta 18,000, shi aka yafe, a biya haraji a kan 2,000 da suka rage. Da a ce mutumin nan ya yi kuskure ya lissafa da jimillar 85,000, kashi 10 zai zama 8,500, abin da zai nema a yafe masa ya faɗo zuwa 13,500, ya cuci kansa da 4,500 duk wata. A nan ƙuntatacciyar ma'anar ta yi masa rana.

Sai a dubi maƙwabcinsa a bene ɗaya, hayarsu ɗaya, jimillar albashinsu ɗaya, amma kamfaninsa ya yanka gundarin albashi 25,000, alawus ɗin haya 12,500, ya tura 47,500 cikin alawus na musamman. Shi abin da za a yafe masa 12,500 ne kacal. Bambancinsu 5,500 a wata, 66,000 a shekara. A tsohon tsarin haraji, wanda shi ne ke da wannan sassaucin, dukansu suna matakin kashi 20 cikin ɗari, don haka na biyun zai biya ƙarin rupi 13,200, ban da ɗan ƙarin kashi 4 na lafiya da ilimi da ake ɗorawa a kan harajin. Babu wanda ya fi wani jin zafin haya a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne yadda wani jami'i a ofishin ma'aikata ya tsaga kuɗin tun ranar da aka rubuta takardar ɗaukar aiki.

To me ya sa kamfani zai danne gundarin albashi? Domin wasu nauye-nauye a kansa suke hawa. Kuɗin asusun ritaya kashi 12 ne daga ma'aikaci, kashi 12 daga kamfani, kuma ana lissafa su ne a kan gundarin albashi da alawus ɗin tsadar rayuwa. Garatuti ma haka, ladan kwana 15 na kowace shekarar aiki, daga albashin ƙarshe. Ƙaramin gundari yana nufin ƙaramin nauyi a wuyan kamfani, kuma matashin ma'aikaci ba ya cika ƙorafi, tunda kuɗin da ke shiga aljihunsa a ƙarshen wata sun fi yawa. Sai ya zo neman sassaucin haya, ko ranar barin aiki, ya ga inda aka rage masa. Hukumomi sun daɗe da gane dabarar. A Fabrairun 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa alawus ɗin da ake biyan kowane ma'aikaci bai ɗaya, ba tare da an ɗaura shi a kan wani ƙarin ƙoƙari ba, dole a haɗa shi cikin lissafin asusun ritaya. Dokar lada ta 2019, wadda ta fara aiki tare da sauran sababbin dokokin ƙwadago a Nuwamban 2025, ta ƙara ɗaure igiyar: idan alawus-alawus da aka ware suka wuce rabin jimillar abin da ake biya, rarar ta koma cikin lada. Wannan doka ce ta ƙwadago ba ta haraji ba, amma duk kamfanin da ya ɗaga gundarin albashi don ya bi ta, ya taɓa lissafin hayar ma'aikatansa ko bai yi niyya ba.

Alawus ɗin tsadar rayuwa kuma nasa rikicin daban. Kamfanoni masu zaman kansu ba su cika biyansa ba, na ma'aikatan gwamnati ne da na bankuna da masana'antun gwamnati. Gwamnatin tarayya tana sabunta shi sau biyu a shekara, daga Janairu da kuma daga Yuli, gwargwadon tashin farashin kaya, kuma a Janairun 2024 ya kai rabin gundarin albashi. Sharaɗin shigarsa lissafin haya, kamar yadda masana haraji suka fassara, shi ne ya kasance ana haɗa shi wajen lissafin haƙƙoƙin ritaya. Ga ma'aikacin gwamnati shigarsa ba abin murna ba ne. Alawus ɗin hayarsa a manyan birane kashi 30 ne na gundarin albashi, a matsakaita 20, a ƙanana 10, don haka iyakar rabin albashi ba ta taɓa tare shi. Kashi 10 ɗin nan ne ke cizonsa. Mai gundari 50,000 da alawus ɗin tsada 25,000 da na haya 15,000, idan yana biyan hayar 20,000, ba zai biya haraji a kan ko rupi ɗaya na alawus ɗin hayar ba in ba a haɗa na tsadar ba. In an haɗa, a ɗebe 7,500, abin yafewa ya koma 12,500.

Akwai kuma batun lokaci, wanda mutane ke tuntuɓe da shi. Albashin da ake nufi shi ne wanda ya hau a watannin da mutum ya zauna a gidan hayar, ba na shekara sukutum ba, kuma ba abin da ya shigo hannu a watan ba. Bashin albashin bara da aka biya bana ba ya shiga, albashin gaba da aka ranta ba ya shiga. Wanda aka ƙara wa girma a Oktoba, ko ya tashi daga Jaipur ya koma Delhi a tsakiyar shekara, ko mai gida ya ƙara masa haya, sai ya raba shekarar gida-gida ya lissafa kowane zango daban.

Jerin biranen nan shi ma abin dubawa ne. Ƙa'idar 1962 ta ambaci huɗu da tsofaffin sunayensu, Bombay da Calcutta da Delhi da Madras, sunayen da, ban da Delhi, aka canza a 1995 da 2001 da 1996 zuwa Mumbai da Kolkata da Chennai. Shekara da shekaru Bengaluru, cibiyar kamfanonin kwamfuta inda haya ke tashi kamar farashin man fetur, ta zauna a layin kashi 40 tare da ƙananan garuruwa. Kuma inda gidan yake ake dubawa, ba inda ofis yake ba. Mai aiki a tsakiyar Delhi da ya kama haya a Noida ko Gurugram, waɗanda jirgin ƙasa na cikin birni ya haɗa su da Delhi amma suna jihohin Uttar Pradesh da Haryana, kashi 40 zai samu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a cikin dokar 1961 guda albashi yana da fuska fiye da ɗaya. A sashe na 17, inda ake tattara abin da za a ɗora wa haraji, albashi ya haɗiye kusan komai: lada, fansho, garatuti, kamasho kowane iri, har alfarmomin aiki. Idan kamfani ya ba ma'aikaci gida kyauta maimakon alawus, ana ƙiyasta darajar gidan a ɗora masa haraji, kuma tun Satumban 2023 ƙiyasin kashi 10 ne na albashi a biranen da suka haura mutum miliyan 4, kashi 7.5 a matsakaita, kashi 5 a sauran. A wannan lissafin garaɓasa da kamasho da alawus masu haraji duk albashi ne. Mutum ɗaya zai iya samun adadi uku mabambanta a shekara guda, kowanne kuma daidai ne a muhallinsa. Akawun da ya ɗauki na nan ya kai can ya jawo wa ma'aikaci takardar tuhuma daga hukuma.

Ko lissafi ya fita daidai, sai an tabbatar da cewa haya ce ta gaske. Doka ta hana sassaucin ga wanda ke zaune a gidan kansa, ko wanda bai biya haya ba. Idan hayar shekara ta wuce rupi 100,000, dole ma'aikaci ya ba kamfani lambar harajin mai gidan, wadda ake kira PAN. Idan ta wuce 50,000 a wata, ɗan hayar da kansa zai cire haraji daga kuɗin ya miƙa wa gwamnati, kashi 5 a da, kashi 2 tun Oktoban 2024. Biyan haya ga iyaye halas ne a dokance, in har gidan nasu ne, kuɗin sun shiga hannunsu, kuma sun bayyana su a matsayin kuɗin shigarsu. Iyalai da yawa suna yin haka, musamman inda tsoho ya yi ritaya ba shi da wani babban haraji a kansa. Amma a 2017 kotun sauraron ƙararrakin haraji da ke Mumbai ta yi watsi da buƙatar wata ma'aikaciya da ta ce tana biyan mahaifiyarta haya da tsabar kuɗi. Babu yarjejeniya a rubuce, babu alamar fitar kuɗin daga banki, mahaifiyar ba ta bayyana hayar a takardar harajinta ba, shaidu kuma sun nuna matar tana zaune ne da mijinta a wani gida nasu da ke kusa. Rasit kaɗai bai fisshe ta ba.

Wanda ba ya karɓar alawus ɗin haya fa, kamar tela ko mai shago ko ma'aikacin ƙaramin kamfani? An bar masa sashe na 80GG na dokar 1961, inda ake auna sassaucin da jimillar kuɗin shigarsa, amma an toshe shi a rupi 5,000 a wata. Kafin kasafin 2016 ma 2,000 ne. Wato komai tsadar hayarsa, ba zai wuce 60,000 a shekara ba. A kwatanta shi da manajan da ke Delhi mai gundari 150,000 da alawus 75,000 da hayar 80,000: ana yafe masa 65,000 a wata, 780,000 a shekara, kuma a matakin kashi 30 wannan ya tsirar masa da rupi 234,000. Da wuya a kare wannan tazara da sunan adalci. Tsarin ya fi tausaya wa wanda ya fi ƙarfi, kuma hanyar da ya bi ita ce ɗaura sassaucin a kan wani layi na takardar albashi maimakon a kan hayar da aka biya.

Sai dai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin dukan muhawarar. A kasafin Fabrairun 2020 ministar kuɗi Nirmala Sitharaman ta kawo sabon tsarin haraji mai sauƙin kaso, da sharaɗin mutum ya haƙura da yawancin sassauce-sassauce, ciki har da na haya. Daga shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024 sabon tsarin ya zama shi ne a kan kowa, sai wanda ya ce a mayar da shi tsohon. A kasafin 2025 kuma aka ce mai kuɗin shiga har rupi miliyan 1.2 ba zai biya komai ba a sabon tsarin, ga mai albashi iyakar ta kai 1,275,000 saboda rangwamen 75,000 da ake yi wa kowane ma'aikaci. Maƙwabtan nan biyu na Mumbai, masu rupi 1,020,000 a shekara, yanzu ba su da dalilin neman rasit, domin a sabon tsarin harajinsu sifiri ne. Waɗanda ma'anar albashi ta ci gaba da damu su ne masu manyan kuɗi da manyan haya, irin manajan Delhi, waɗanda sai sun zauna da alƙalami sun gwada tsarin biyu kowace shekara. Dokar 1961 ɗin kanta an maye gurbinta da ta 2025, mai aiki daga 1 ga Afrilu 2026. Lambobin sassa sun canza, amma sassaucin hayar yana nan ga masu tsohon tsari.

Ma'aikacin Najeriya ba baƙo ba ne a wannan magana, domin shi ma takardar albashinsa a tsage take. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aiki, a kan abin da bai gaza jimillar gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri ba. A batun haya kuwa Najeriya ta bi wata hanya. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, ta ba ɗan haya damar cire kashi 20 na hayar shekara daga kuɗin da za a ɗora wa haraji, amma kada ya wuce naira 500,000. Babu ruwanta da gundarin albashi, babu jerin birane, babu bambanci tsakanin mai alawus da marar alawus. Mai biyan naira miliyan 1.5 a Kano ko Kaduna zai cire 300,000, mai biyan miliyan 2.5 ya kai iyaka, mai biyan miliyan 10 a Abuja ma nan zai tsaya. Wannan tsari ya fi na Indiya sauƙi kuma ya fi shi daidaita mutane, ko da yake bai kai shi kauri ba. Sharaɗinsa shi ne mutum ya bayyana ainihin hayar da ya biya, don haka mai karatu da ya saba miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu, sai ya riƙa biya ta banki, ya kuma karɓi rasit ya adana.